Ajin kwamfuta na dogon hutu a Samaru: abin da naira dubu 40 ta saya wa yarana

A Zariya ba a shan wahalar neman wurin koyon kwamfuta. Daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, daga Kongo har Samaru, da wuya ka bi layin shaguna ba ka ga allon da aka rubuta "difloma a wata uku" ba. Kusan duk haja ɗaya suke sayarwa: buga wasiƙa a Word, jera lambobi a Excel, ɗan zanen katin biki a CorelDraw, sai ranar yaye ɗalibai a sa doguwar riga da hula a ɗauki hoto. Ban raina wannan ba, da shi mutane da dama ke cin abinci. Sai dai yaron da ya gama irin wannan kwas, abin da wani ya ƙirƙira kawai ya iya sarrafawa. In ka ce ya sa kwamfutar ta yi wani aikin da ba a tanadi maɓallinsa ba, sai ya tsaya yana kallonka.

Inda na kai yarana a dogon hutun da ya wuce daban yake, shi ya sa nake son iyaye su ji labarinsa, da daɗin da rashin daɗin. Ba zan kama suna ba. Ba talla aka ba ni ba, kuma akwai maganganun da zan yi waɗanda masu wurin ba za su so ba. Ɗaki ne guda babba a saman bene kusa da kasuwar Samaru, a ƙasansa akwai mai kayan sola da wani tela. Makonni 6 ake yi, Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe 9 zuwa 12, kowane yaro naira dubu 40. Biyu na biya wa: 'yata da ta gama SS1, da ɗan ƙanena da ke zaune a wurina, wanda ya gama JSS3 yana jiran sakamako. Ni malamar lissafi ce a sakandaren 'yan mata, hutun da ni aka yi shi, don haka na nemi alfarmar a bar ni in riƙa zama a kujerar baya duk ranar da na samu sarari. Malamin bai ko ɗaga gira ba, ya ce, "Bismillah, Malama, in kin ga gyara ma ki faɗa mana." Mu malamai mun san ba kowa ke yarda wani malami ya zauna masa a aji ba.

Makon farko ba a buɗe kwamfuta ko ɗaya ba. Laftof ɗin na jere a kan teburori a rufe, yara sai leƙensu suke. Kafin makon ya ƙare wani uba ya hau benen da kansa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, ni fa kuɗin kwamfuta na biya, ba kuɗin kwali da almakashi ba." Malamin, matashi ne da bai wuce shekara 30 ba, ya ce, "Alhaji, a ƙara mini haƙurin mako guda. In ba ka gamsu ba a mayar maka da kuɗinka." Da yaron aka gama kwas ɗin.

A wurina wannan makon na kwali da almakashi ya fi sauran duka daraja.

Darasin farko, malamin ya ce kowa ya rubuta yadda ake alwala, mataki bayan mataki, kamar zai miƙa wa wanda bai taɓa gani ba kuma ba shi da bakin tambaya. Yaran da ba Musulmi ba, su kaɗan ne a ajin, aka ce su rubuta yadda ake dafa taliya. Da aka gama sai ya ɗauki buta babu ruwa, ya karɓi takardar wani yaro, ya ce shi ne kwamfutar, abin da aka rubuta kawai zai bi. Yaron ya rubuta "wanke hannu". Malam ya kama kwaikwayon wanke hannu, bai tsaya ba, har aji ya fashe da dariya. Ai ba a ce sau nawa ba. Wata yarinya ta rubuta "wanke fuska" a layi uku a jere. Ya ce daidai ne, amma da sau 100 ake yi, layi 100 za ki rubuta? Da kanta ta gyara: "maimaita sau 3, wanke fuska." Wani kuma ya ji daɗin wannan dabara ya zuba komai cikin "maimaita sau 3", har da shafar kai, sai 'yan'uwansa suka yi masa ca, shafar kai sau ɗaya ce, dole ta fita daga cikin maimaitawar. Can sai malamin ya ce, "To in an je babu ruwa fa?" Aka ce taimama. Ya rubuta a allo: in akwai ruwa, yi kaza; in babu, yi kaza.

Cikin awa guda, da abin da kowane yaro ya iya tun yana ƙarami, an koya musu jerin matakai, da maimaitawa, da sharaɗi. Waɗannan ukun su ne ginshiƙan kowane shirin kwamfuta, daga na injin POS na bakin titi har na jirgin sama. Ba zuguguntawa ba ce: wasu masana biyu a Italiya, Böhm da Jacopini, sun tabbatar da ita a lissafe tun 1966. Na taɓa shirin kwamfuta a jami'a, zamanin harshen kwamfuta na FORTRAN, kuma da an fara mana ta wannan hanya da ba mu yi ta haddace abin da ba mu gane ba.

Kwalayen da Alhaji ya yi ƙorafi a kai na darasin lissafin gida biyu ne, wato na sifili da ɗaya. Yara biyar suka tsaya a gaban aji, kowanne riƙe da kwali mai ɗigo-ɗigo: na farko 16, sai 8, sai 4, sai 2, sai 1. In aka ce a nuna 13, mai 8 da mai 4 da mai 1 su juyo da kwalinsu, sauran su kife. A rubuta 1 ga wanda ya juyo, 0 ga wanda ya kife, sai ga 01101. Nan na gyara zama, domin wannan darasi nawa ne. Kowace shekara ina koyar da shi a SS1 ta hanyar raba lamba da 2 ana ajiye ragowa, yara su haddace, su ci jarrabawa, zango na gaba kamar ba a yi ba. A nan kuwa da daddare na tarar da 'yata tana ƙirga da yatsun hannu ɗaya har 31, tana gaya wa ƙannenta cewa da hannu biyu za ta kai 1023. Malamin bai ɓoye inda ya samo dabarar ba. Daga wani shiri ne mai suna CS Unplugged, na Tim Bell da abokan aikinsa a Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan, wanda aka tsara don koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, kuma kyauta yake a intanet. Na riga na yanka nawa kwalayen.

Akwai kuma wasan canki-canka. Malam ya riƙe lamba a ransa tsakanin 1 da 100, amsarsa kawai "sama" ko "ƙasa". Da farko yara suka yi ta harbin iska. Daga baya wani ɗan shiru-shiru ya gano a fara da 50, kowace tambaya a yar da rabi. Ta haka ba a wuce tambaya 7. In 1000 ne, 10. In miliyan ne, 20. Sai malamin ya kawo misalin da ya shiga kunnen 'yan SS: kusan mutum miliyan 2 ke zana JAMB a shekara, in lambobin rajistarsu a jere suke, leƙe 21 ya isa a zaƙulo na mutum guda. Amma fa sai in a jere suke. Daga nan aka shiga maganar jerawa. Aka tsayar da yara a layi za a jera su bisa tsawo, da dokar cewa mutum biyu kawai ake gwadawa a lokaci guda. In an gwada kowa da kowa, yara 10 gwaji 45 ne, yara 20 kuwa 190. An ninka mutane sau biyu, aiki ya ninku fiye da sau huɗu. Na so a ce an ƙara kwana ɗaya a nan, don a nuna musu hanyar da ta fi sauri ta raba layi gida biyu, a jera kowanne sannan a haɗe. An ambace ta ne kawai aka wuce.

Mako na biyu da na uku aka buɗe laftof, aka shiga Scratch. Manhaja ce ta kyauta da wani sashe na jami'ar MIT a Amurka ya fitar a 2007 ƙarƙashin Mitchel Resnick, an yi ta ne don 'yan shekara 8 zuwa 16. Ba a buga umarni da hannu, wasu tubala masu launi ake jawowa ana haɗawa, wata mage mai ruwan lemo tana aikata abin da aka ce. An saka wadda ba ta buƙatar intanet a kan duk injinan, don haka babu ranar da aka ce data ta ƙare.

'Yata ta raina shi da farko. A mota ta ce, "Umma, wannan ai na 'yan firamare ne." Washegari aka ce kowa ya sa magen ta zana alwatika mai kusurwoyi daidai. Ta san kowace kusurwa 60 ce, ta sa "maimaita sau 3, yi gaba 100, juya 60". Mage ta zana wani abu buɗaɗɗe da bai rufe ba. Ta sake, haka dai. Malamin ya ƙi gaya mata. Ya ce ta tashi ta taka alwatikar da ƙafarta a tsakiyar ɗaki, ta lura da yawan juyawar da jikinta ke yi a kowace kwana. Nan ta gane kusurwar waje ake juyawa, 120, kuma ko gefe nawa ne a raba 360 da yawan gefen. Kafin a tashi ta zana mai gefe 5 da mai gefe 8, ta kuma gano cewa in an juya 1 sau 360 da'ira ce ke fitowa. Wannan ƙa'ida tana cikin littafin lissafinsu tun JSS, ni da bakina na sha maimaita mata ita a gida.

Shi kuwa ɗan ƙanena, lambobin da ke ƙasa da sifili sun daɗe suna ba shi wuya. Filin Scratch daga hagu zuwa dama yana tafiya ne daga -240 zuwa 240, daga ƙasa zuwa sama -180 zuwa 180. Ya so ya yi wasan keke Napep mai kauce wa ramuka, kuma ba yadda za a yi keken ya koma hagu sai ya rage lamba har ta wuce sifili. Cikin mako guda ya daina tambayar wanne ya fi girma tsakanin -50 da -200. Wasan nasa ya yi aiki, har da ma'ajin maki da ke ƙaruwa duk ramin da aka tsallake, ko da yake in keken ya fita daga gefen allo sai ya maƙale, kuma har aka gama bai gyara ba.

Makonni ukun ƙarshe na Python ne, harshen shirin kwamfuta da wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Suna rubutawa a cikin manhajar Thonny, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta Istoniya don masu koyo. Zaɓin ya yi kyau, saboda tana barin yaro ya bi shirinsa layi-layi yana ganin yadda lambobi ke canzawa. A nan ne aka fara gumi. Tubalan Scratch ba sa barin ka yi kuskuren rubutu, Python kuwa in ka manta ɗigo biyu a ƙarshen layi, ko ka tura layi ciki fiye da ɗan'uwansa, sai jan rubutu, wato saƙon kuskure.

Dokar malamin a kan jan rubutu ita ce abu na biyu da na fi yabawa. Ba a ɗaga hannu sai an yi abu uku: ka karanta saƙon kuskuren da ƙarfi, ka je layin da ya ambata, ka gaya wa na kusa da kai abin da ka yi tsammani da abin da ya faru. Sau da yawa yaro na cikin bayani sai ya ce "au!" ya koma kan kibod. Ko da malamin ya zo, ba ya taɓa injin. Hannunsa a baya yake, tambaya kawai yake yi.

Ɗan ƙanena ya rubuta shirin mai shayi: a shigar da kuɗin shayi da na burodi, a ba da jimla. Ya sa 200 da 300, kwamfuta ta ce 200300. Ya juyo ya ce, "Gwaggo, wallahi wannan ɓarauniya ce." Malam ya tambaye shi, "Da ka buga 200, me ka ba ta, lamba ko rubutu?" Duk abin da aka buga ta kibod Python rubutu take ɗaukarsa, in ka ce ta haɗa rubutu biyu sai ta manna su. Sai ka ce mata ta mayar da shi lamba tukuna. Tun daga ranar, kafin ya haɗa komai sai ya tsaya ya tambayi kansa wane iri ne.

'Yata aikinta na fitar da darajar maki ne irin ta WAEC: 75 zuwa sama A1, 70 zuwa 74 B2, haka har E8 a 40 zuwa 44, ƙasa da 40 F9. Ta fara sharuɗɗan daga ƙasa, wato in maki ya kai 40 a ba da E8. Sakamakon haka mai 92 ma E8 ya samu, don kwamfuta na cin karo da sharaɗin farko da ya cika sai ta tsaya. Ta juya jerin ya fara daga sama, ta ce ta gama. Malamin ya ce ta gwada 75 cif. B2 ya fito, saboda ta sa "ya fi 75" maimakon "ya kai 75 ko ya fi". Sai ya koya wa ajin duka cewa ba a gwada shiri da lambobin tsakiya kawai, a bakin iyaka ake gwadawa: 39 da 40, 74 da 75, 100, sannan abin da bai kamata a shigar ba, kamar 101 ko -5 ko sunan mutum. Bambancin "ya fi" da "ya kai ko ya fi" shi ne abin da nake zubar wa ɗalibai maki a kansa kowane zango, kuma ban taɓa ganin ya dami wata ba sai da ya hana mai 75 A1 ɗinta a gaban idon mai shirin.

Wani abu ya faru a makon ƙarshe wanda ba ya cikin tsarin darasi. Wani rukuni suka ce Python ta jera musu sunayen garuruwa bisa haruffa. Suka ba ta Kano, Zariya, Ɗambatta, Daura, Ƙanƙara. Ta mayar musu da Daura, Kano, Zariya, Ɗambatta, Ƙanƙara. Masu ƙugiya duk sun koma bayan Zariya. Wani malamin zai ce a cire ƙugiyar a wuce. Shi sai ya dakatar da ajin, ya tuna musu da makon farko, lokacin da suka rubuta sunayensu da lambobi, A tana 65, Z tana 90. Wannan tsari, ASCII, an yi shi ne a Amurka a 1963 da gurbi 128 kacal, babu wurin haruffanmu. Sai da wani sabon tsari mai suna Unicode ya zo daga 1991 aka ba su lambobi, can nesa: Ɗ tana 394, Ƙ tana 408. Kwamfuta lamba take dubawa, don haka a wurinta jerin daidai yake. Yaran suka rubuta abacadan Hausa da kansu a cikin shirin, Ɓ bayan B, Ɗ bayan D, Ƙ bayan K, suka ce a jera bisa matsayin harafi a nasu jerin. Ya yi. Sai wata ta ce to "sh" da "ts" fa, tunda a Hausa kowanne harafi ɗaya ne? Aka bar wannan a matsayin aikin gida, kuma har yanzu 'yata na fama da shi.

To, ga inda wurin ya gaza.

Injina 12 ne, yara sun kusa 30. A takardar talla an rubuta "kowane ɗalibi da kwamfutarsa". Da na yi magana, malamin ya ce zama biyu-biyu dabara ce da ƙwararru ma ke amfani da ita, ɗaya na bugawa ɗaya na dubawa. Gaskiya ne, amma uku a kan inji ɗaya ba biyu-biyu ba ne, na ukun ɗan kallo ne. Kuma na lura da wanda ke zama ɗan kallon. Duk teburin da aka haɗa maza da mata, kibod na hannun namiji, yarinya na gefe da biro tana kwafa. Ba mugunta ba ce, yaran sun fi zaƙewa, 'yan matan kuma kunya ba ta barin su miƙa hannu su ja inji daga gaban namiji. Sai bayan na yi ƙorafi aka ware wa mata teburorinsu, aka kuma sa ƙararrawar waya tana kaɗawa duk minti 10 a yi musanye. Abin ya gyaru, amma an riga an ci rabin lokacin Scratch. Wanda ya buɗe aji a garin nan bai kamata ya jira wata uwa ta nuna masa wannan ba.

Ba a koyar da buga rubutu ko kaɗan. Na fahimci dalilinsu, suna gudun zama irin sauran wuraren. Amma yaron da bai taɓa zama gaban kibod ba, kamar ɗan ƙanena, minti guda yake ɓatawa yana neman alamar baka ko ɗigo biyu da yatsa ɗaya, kafin ya samu ya manta abin da yake son rubutawa. 'Ya'yan ma'aikatan jami'a masu kwamfuta a gida suka yi gaba, 'yan makarantun gwamnati suka yi ta jan ƙafa, ba don an fi su kai ba. Minti 15 kowace safiya da ya isa. Balle ma tun 2015 JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yinta, WAEC ma ta fara wa masu zanawa daga waje a 2024. Sabo da kibod da linzami yanzu ba ƙawa ba ne.

Tallar ta kuma yi alkawarin mutum-mutumi da ƙirƙirarriyar basira, da manyan haruffa har da hoto. Abin da aka yi: rana guda aka haska bidiyo, aka zagaya da wani ɗan allon lantarki mai suna Arduino guda ɗaya hannu-hannu, aka kunna ƙwan fitila ja ya yi ƙyaf-ƙyaf. Ni ban damu da rashinsu ba, makonni 6 ba su ma ishi Python ba. Abin da ya dame ni shi ne a rubuta abin da ba za a yi ba. Abin da suke yi na gaske ya fi abin da suke talla, amma da alama mai wurin, wanda ba shi ne malamin ba, yana ganin iyaye ba za su biya don alwala da kwali ba. Ganin Alhajin nan, wataƙila yana da hujja.

Sashen intanet da tsaro shi ne mafi rauni. Mataimakin malamin ne ya ɗauka, da Turanci zalla, yana karantowa daga allo: kada ka ba kowa kalmar sirrinka, kada ka danna abin da ba ka sani ba. Shi ke nan. Babu bayanin yadda saƙo ke tafiya daga waya zuwa waya, babu dalilin da ya sa doguwar kalmar sirri ta fi gajera wuyar fasawa, alhali lissafi ne mai sauƙi da yaran da suka yi wasan canki-canka za su kama nan take: lambobi 4 hanyoyi dubu 10 ne kawai, kowace lamba da ka ƙara ta ninka su sau 10. Yaran nan su ke riƙe da wayoyin iyayensu. Su ake miƙa wa waya in wani ya kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar da ta shigo. Sun cancanci fiye da awa ɗaya ta karatun allo. Shi babban malamin yana cakuɗa Hausa da Turanci yadda kowa ke bi, yana fassara saƙon kuskure kalma-kalma har yaro ya saba. Duk ranar da ba ya nan, ajin wani abu ne daban, kuma sau da dama an yi hakan.

Wuta ba ta taɓa tsayar da darasi ba, sola ce da batura, sai dai ba ta ɗaukar fanka sama da biyu, daga ƙarfe 11 ɗakin ya fara ɗumi. Banɗaki ɗaya ne a ƙasa, na haɗaka da masu shaguna. Lokacin tashi ya yi daidai, yaro ya isa gida ya yi azahar ya ci abinci kafin Islamiyya.

Wanda ɗansa ke SS3 yana neman a shirya shi don takardar kwamfuta ta WAEC ko NECO, kada ya kawo shi nan da wannan niyya. Ba a taɓa tsofaffin tambayoyi, ba a bin manhajar makaranta, babu tarihin kwamfuta, babu harshen kwamfuta na BASIC da ke cikin littattafansu. Tunanin zai taimaka masa, musamman a lissafin gida biyu da zanen matakai, amma ba abin da ake sayarwa ke nan ba. Wanda ya fi cin moriya shi ne ɗan JSS3 zuwa SS2 da ba jarrabawa a gabansa. Satifiket ɗin da suke bayarwa kuma takarda ce mai kyau, ba na jin akwai inda za a karɓe ta.

Ranar ƙarshe an ba kowane yaro fulashi ɗauke da Scratch da Thonny da duk ayyukan da ya yi, aka kuma nuna wa marasa kwamfuta a gida yadda ake saka manhajar Pydroid 3 a wayar Android a rubuta Python a kai. Rubutu a kan waya akwai takura, amma yana yiwuwa, shaida ita ce wayata da ba na gani bayan isha'i. 'Yata tana rubuta shirin adashin da nake riƙe wa malaman makarantarmu, mai faɗin wadda za ta kwasa kowane wata da wadda ba ta zuba ba.

Sun ce za su buɗe ajin Asabar idan an koma makaranta, ci gaban Python ga waɗanda suka gama na hutu, naira dubu 15 a wata. Na rubuta sunan 'yata, bayan na tambayi abu biyu a gaban mai wurin: mutum nawa a kan inji ɗaya, kuma wane ne zai tsaya a gaban allo. Ya ce biyu, kuma babban malamin ne. Na ce kuɗin wata ɗaya zan fara bayarwa. Ɗan ƙanena kuwa ya dakata tukuna. Na samo masa tsohon kibod a Sabon Gari na haɗa masa da waya, sai ya daina neman haruffa da ido sannan zan mayar da shi.